Kundin Aiki: Farfaɗo da Kafireton Solex 34 PICT-3 na Tsohuwar Volkswagen Beetle

Asabar, 1 ga Nuwamba, 2025

Motar Volkswagen Beetle ce ƙirar 1972, ta girmi waɗanda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975. Injinta 1600 ne na Jamus mai cc 1584, lambarsa ta fara da AD, irin wanda kowace silinda ke da ƙofar shan mai tata daban. Kafireton da ke kai, wato abin da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji, Solex 34 PICT-3 ne, sunan na nan a jikin kwanon mai. Solex kamfanin Faransa ne, amma waɗanda ke kan Volkswagen na wancan zamani a Jamus aka ƙera su da lasisi, kuma na asalin sun cancanci a gyara su maimakon a musanya su da sababbin kwaikwayo.

Ta daɗe a ajiye da ragowar fetur a tanki. Idan an ɗiga mai a maƙogwaron kafireto tana tashi, da an ɗage ƙafa daga totur sai ta mutu. Silo, wato aikin inji shi kaɗai ba a taka totur ba, babu shi sam.

An cire kan batir, sannan matatar iska, tiyon mai, wayar totur, da wayoyin wuta biyu: na cok (faifan sama da ke rage iska idan inji na sanyi) da na bawul ɗin da ke yanke mai idan an kashe mota. Dukansu daga lamba 15 na kwayil suke ɗaukar wuta. Noti biyu na sifana 13 ne ke riƙe da kafireton, na gaba shi ne mai wuyar kamu. An cusa tsumma mai tsabta a bakin manifol, bututun da ke kai cakuɗin mai da iska zuwa silinda, nan take, domin washa ɗaya idan ta faɗa ciki sai an sauke manifol ɗin gaba ɗaya.

Litinin, 3 ga Nuwamba

An kwance shi a cikin faranti mai baki, ana ɗaukar hoto kafin a cire kowane abu. Sukuru biyar ke riƙe da murfin sama. Da aka ɗaga, ƙasan kwanon mai ya cika da jan danƙo mai kauri kamar ƙaro, ga garin tsatsa a kai, ga warin tsohon fetur mai hawa kai. Danƙon ragowar man da ya bushe ne. Tsatsar kuwa daga tanki ta zo, don jikin kafireto ba ya irin wannan tsatsa. Wannan na nufin tanki ma ya shiga jerin aiki.

Abin da aka samu:

Babban jet (jet ɗan sukurun tagulla ne mai rami da ke auna man da zai wuce) yana bayan toshiyar tagulla ta gefen hagu na kwanon mai, lambarsa 127.5, rabinsa a toshe. Jet ɗin silo yana gefen dama, lamba 55, a toshe yake ɗam, ko haske ba ya ratsa shi. Shi kaɗai ya isa ya hana motar silo. Robar famfon totur, wadda ke ƙarƙashin murfi mai sukuru huɗu, ta bushe ta tsage. Robar da ke ɗan buɗe cok da zarar inji ya tashi ita ma ta huje. Zoben roba na sukurun silo guda biyu, babba da ƙarami, sun ƙandare, suna farfashewa a hannu.

Fulot, abin da ke yawo a kan man kwano yana rufe shigar mai idan ya cika, na roba ne. An girgiza shi kusa da kunne, ba a ji motsin mai a ciki ba, an kuma ɗora shi a ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinare, ya ba da giram 8.5, daidai nauyinsa na asali. Za a mayar da shi.

Bututun tagullar da tiyon mai ke shiga ya yi sako-sako, yana juyawa da yatsa. A wannan kafireto dannawa kawai aka yi masa, babu zare. Idan ya zare inji na aiki, famfon mai na inji zai ci gaba da fesa fetur a kan distirbuta da inji mai zafi, kuma ta nan ne Beetle da yawa suka ƙone. Ba za a mayar da kafireton kan mota ba sai an ɗaure wannan.

Talata, 4 ga Nuwamba

An jiƙa gangar jiki da murfi da jet-jet a tina cikin kwano mai murfi, a inuwa, nesa da wuta. Fulot, cok na lantarki, bawul mai yanke mai da duk wani abu na roba ba su shiga ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Tina ta narkar da danƙon. An goge da tsohon buroshin haƙori, aka bi kowace hanya da feshin wankin kafireto, sannan iska daga kwamfuresa.

Wankin waje ba shi ne aikin ba. A cikin jikin ƙarfen akwai hanyoyi sirara da aka huda, kuma sai an tabbatar kowacce ta buɗe daga farko har ƙarshe. Yadda ake ganewa shi ne a fesa ta wannan baki a ga ya fito ta wancan. Daga ramin jet ɗin silo feshi ya kamata ya fito ta ƙananan hudojin da ke bangon maƙogwaro, daidai inda gefen faifan totur, wanda ke buɗe maƙogwaro idan an taka totur, ke tsayawa. Waɗannan hudoji su ke ba da mai a ɗan tsakanin nan da ake barin silo kafin babban jet ya karɓa. Biyu daga ciki ba su fitar da komai ba sai da aka sake jiƙa wurin, aka hura ta baya. Siririn bututun tagullar da ke tsirta mai idan an taka totur shi ma a toshe yake. An zare shi a hankali, aka hura shi daban. Akwai ɗan ƙwallon ƙarfe a hanyar famfon totur, wajen hurawa sai an sa yatsa a bakin, in ba haka ba iska ta yi gaba da shi.

Ba a zura waya ko allura a jet. Lambar 55 na nufin ramin bai wuce wajen milimita 0.55 ba, tagulla kuma tana da laushi. Waya ta wuce sau biyu, ramin ya faɗaɗa ya kuma karce, daga nan mota ta riƙa shan mai da baƙin hayaƙi ba a san dalili ba. Silin buroshi na roba ya wadatar. Haka nan ba a dafa kafireto a ruwan soda, domin tana cin irin wannan ƙarfen zubi, ta bar shi baƙi da ƙuraje.

An gwada bawul mai yanke mai a kan batir: jikinsa a kan negatif, waya a kan fozitif, aka ɗan danna bakinsa, ya ja ciki da ƙara ƙas. Lafiyarsa lau.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Babbar matsalar ta fito yau, kuma ba datti ba ce. Sandar totur, wadda faifai ke ɗaure a jikinta, tana wasa a mazauninta. Idan an kama hannun totur aka girgiza sama da ƙasa ana jin ta ƙwas-ƙwas, ta gefen da wayar totur da sifirin ke ja ya fi yawa. An haska tocila ta cikin maƙogwaro a ɗaki mai duhu, haske ya fito ta gefen sandar.

Ga illar wannan. A 34 PICT-3 faifan totur a rufe yake lokacin silo, iskar da inji ke buƙata ta wata hanya daban take zagayawa, wadda babban sukuru ke sarrafawa. Injin yana zuƙa da ƙarfi a ƙarƙashin faifan, saboda haka duk wata kafa da ke wurin sai ta shigo da iskar da ba a auna ba. Cakuɗin ya yi ƙarancin mai, silo ya riƙa hawa da sauka, kuma kowane lokaci aka saki totur sandar na zama a wani wuri daban, saitin jiya ba zai yi aiki yau ba. Ko sau nawa aka wanke, ko kit ɗin gyara (ledar sababbin gasket da robobi) nawa aka canza, haka za ta ci gaba. Injin mai sanyaya da iska kuma ƙarancin mai zafi yake ƙara masa, wanda a yanayin Kano ba abin wasa ba ne ga bawul ɗin salansa.

An auna sandar: milimita 8 ce, cin da ta yi kaɗan ne. Ramin jikin kafireton ne ya zama ƙwai. Magani shi ne sa bushin, wato zoben tagulla da ake dannawa cikin ramin don sanda ta zauna daidai.

Laraba, 12 ga Nuwamba

An sauke tanki, an wanke, an shanya. An hura bututun ƙarfen da ya taso daga gaba zuwa baya. An yi odar kit. An sayo tiyo da kilif da matatar mai a Kasuwar Ƙofar Ruwa.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Aikin bushin, a wurin masu injin yankan ƙarfe.

Sukuru biyun da ke riƙe da faifai an daddaƙe bakinsu tun daga masana'anta don kada su kwance su faɗa inji. Sai an goge wannan daƙin da ƙaramar zarto kafin a juya su, in ba haka ba su ci zaren sanda ko su karye a ciki. Kafin a zare faifan an yi masa alama ta sama, don gefensa a karkace aka yanke shi, idan aka juya shi ba zai rufe ba. Akwai ƙaramar huda a jikin faifan, ta asali ce, an bar ta yadda take.

An faɗaɗa ramukan biyu zuwa milimita 10 a zama ɗaya ba tare da an motsa kafireton daga maɗauri ba. Wannan shi ne wurin da aikin ke lalacewa a hannun mai gaggawa: idan aka huda kowane gefe daban, ramukan ba za su kalli juna ba, sanda ta riƙa cijewa, totur ya maƙale a buɗe. An yanka bushin biyu na tagulla, waje 10, ciki ɗan ƙasa da 8, aka danna su da ɗigon gam mai riƙe ƙarfe, sannan aka bi su da rima (abin daidaita faɗin rami) doguwa wadda ta ratsa duka biyun lokaci guda. Ba a bar bakin bushin ya leƙo cikin maƙogwaro ba.

Wajen mayar da faifai an sa sukurun sako-sako, aka rufe totur sau da yawa har faifan ya nemi tsakiya da kansa, aka ɗaga shi ga hasken rana aka ga zaren haske siriri daidai wa daida ta kowane gefe, sannan aka ɗaure da gam ɗin zare. Yanzu sanda na juyawa sumul, babu wasa.

An kuma karta jikin bututun shigar mai, aka shafa gam, aka buga shi ciki da gudumar roba. Za a ƙara ɗaure kilif ɗinsa da waya zuwa sukurun murfi. Kuɗin aikin yau ₦15,000.

Talata, 18 ga Nuwamba

Kit ya iso. Ba duk abin da ke cikin leda ake sawa ba, an jera kowane sabo kusa da tsohonsa an gwada. Gasket ɗin murfi iri biyu ne a ciki, ɗaya yana rufe wata ƙaramar hanya, an ɗauki wanda hudojinsa suka dace. Robobin famfo da na cok sun yi. Sabuwar allurar mai kuwa, wadda fulot ke dannawa ta rufe shigar mai, tana cijewa: idan an kifa ta an hura da baki wani lokaci ta rufe, wani lokaci iska ta wuce. An koma kan ta asali mai lamba 1.5, aka wanke ta, ta riƙe iska sarai. Washar ƙarƙashinta an auna tsohuwar, milimita 0.5, aka sa sabuwa mai kaurin nan. Kaurin washar ne ke saita tsayin mai a kwano: mai kauri tana saukar da shi, siririya tana ɗaga shi.

An shimfiɗa samfefa lamba 400 a kan gilashi aka goga ƙasan kafireton kaɗan. Kunnuwan biyu ne suka fara haske, tsakiya bai taɓa ba, alamar an taɓa ɗaure notin fiye da kima har gindin ya lanƙwashe. An ci gaba har fuskar ta yi haske bai ɗaya.

Bayan haɗawa an cika kwano da fetur ta sirinji aka gwada famfon totur a kan tebur. Tsirtuwar ta fito tun daga farkon motsi, ta sauka kai tsaye cikin maƙogwaro ba ta bugi bango ba. Buɗewa goma ta tara mililita 14 a kofin awo, wato 1.4 kowace takawa. Abin da ake nema tsakanin 1.3 ne da 1.6.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Kafin a taɓa saitin kafireto sai an gama da inji da wuta, don rabin abin da ake ɗora wa kafireto daga can yake. An saita tazarar bawul duka takwas a milimita 0.15 inji na sanyi. Na salansa a silinda ta 3 an same shi a matse. Tazarar kontak na distirbuta milimita 0.4. Fulogi sababbi, tazararsu milimita 0.6. An bi wayoyi bisa tsarin 1-4-3-2.

An ɗora kafireto da sabon gasket. Tiyo mai ramin milimita 5.5, kilif a kowane baki. Matatar mai an sa ta kafin famfo, a wajen ɗakin inji, ba tsakanin famfo da kafireto ba, inda nauyinta ke jijjiga bututun tagullar nan.

Ta tashi, ta yi kamar minti biyu lafiya, sai ta fara baƙin hayaƙi da gurnani, ta mutu. Da aka leƙa maƙogwaro, fetur na ɗiga daga bututun tsakiya inji a kashe, gindin kafireton ya jiƙe. Ambaliya ce. An buɗe murfi: fulot lafiya, marikinsa a daidai, allura babu datti. Saura famfon mai na inji. An sa gejin awon ƙarfin turin mai tsakanin famfo da kafireto aka sake tayarwa, ya nuna psi 5. Allurar wannan kafireto wajen psi 3 take so, fiye da haka man na danne ta ya wuce ko fulot ya taso. Famfon ba na asali ba ne, wani aka taɓa sawa.

Talata, 25 ga Nuwamba

An cire famfo an auna sandar da ke tura shi: milimita 108, wadda ta dace da famfon injin mai janareto. Ta milimita 100 ta famfon injin mai altaneta ce, kuma haɗa famfon wancan da sandar wannan na kawo ko dai rashin mai ko karyewar famfo. Nan ba a samu wannan ba. An ƙara gasket biyu a ƙarƙashin famfo, geji ya sauko psi 3. Ɗigar ta tsaya.

Sandar awon baƙin mai na warin fetur, man ya tsinke. An juye, aka zuba sabo lita 2.5.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Saitin silo. Wanda ya saba da tsohon Solex na Peugeot 404 hannunsa zai tafi kan sukurun da ke hannun totur. A wannan kafireto ba da shi ake saita silo ba. Idan aka buɗe faifai da shi, hudojin nan na bango sun fara ba da mai tun a silo, sauran sukurun biyu su daina jin magana. Saitinsa sau ɗaya ne: cok a buɗe, a juya har bakinsa ya taɓa matakala ta ƙarshe ta ƙarfen cok mai matakalai, a ƙara rubu'in juyi, a bar shi.

Ƙaramin sukuru an mayar da shi ciki a hankali har ya zauna, ba a matse ba don bakinsa tsini ne, aka dawo da shi juyi biyu da rabi. Inji ya yi zafi, aka kawo shi juyi 850 a minti da babban sukuru. Aka riƙa fito da ƙaramin har inji ya kai iyakar saurinsa, aka mayar da shi kaɗan har ya sauka da kamar juyi 30, sannan aka gyara da babban.

Duk da haka bai zauna sosai ba. An ɗan fesa ruwan wankin kafireto a gefen sandar totur, babu canji, bushin ya yi aikinsa. A gindin kafireto ma babu. Da aka fesa a robar da ke haɗa manifol ta hagu sai sautin inji ya canza nan take. Ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Wannan gwaji ana yinsa da abin kashe gobara a kusa, kuma feshi kaɗan-kaɗan.

Talata, 2 ga Disamba

An canza robobin manifol duka biyu. An maimaita saiti. Silo ya zauna a 870, an kashe an tayar yana komawa wurinsa. An saita cok da sassafe cikin sanyin hunturu: an sassauta sukuru uku, aka juya har faifan sama ya rufe da ƙyar. Yana buɗewa gaba ɗaya cikin 'yan mintuna.

Asabar, 6 ga Disamba

Gwajin hanya. A silo da kuma gudu mai ɗorewa babu abin cewa. Amma wajen tashi daga tsaye, da an taka totur sai ta shaƙe na ɗan lokaci kafin ta ɗauka. An sake duba tsirtuwar famfon totur, tana nan daidai.

Dalili biyu aka gano, kuma babu wanda ke cikin kafireto. Na farko distirbuta, mai raba wuta ga fulogi: Bosch 009 ce, wadda ba ta da gwangwanin zuƙar iska, sai inji ya ɗau gudu take ƙara taimin, wato ta sa wutar fulogi ta tashi da wuri. Shi kuwa 34 PICT-3 an yi shi ne ya yi aiki da distirbuta mai tiyon zuƙa, wadda ke ƙara taimin da zarar faifai ya fara buɗewa. Haɗa su biyun sananne ne da wannan shaƙewa. Wasu na rufe ta da ƙara girman jet, amma hakan ƙarin shan mai ne kawai. A yanzu an saita 009 ɗin da fitilar taimin a digiri 30 inji na sama da juyi 3,000, an kuma toshe bakunan zuƙa na kafireto da ba a amfani da su.

Na biyu siraran bututun da ke kawo zafin salansa zuwa ƙarƙashin manifol. Bayan tafiya an taɓa: gefe ɗaya da zafi, ɗayan da ɗumi kawai, ƙarƙashin kafireto kuma sanyi ƙalau. Gawayi ya toshe shi. Fetur idan yana zama tururi sanyaya manifol yake yi, in babu wannan zafin sai ya kwanta a bango maimakon ya isa silinda.

Asabar, 13 ga Disamba

An sauke manifol, aka sa guntun tsohuwar wayar kuloci a injin huda aka bi bututun ta kowane baki har ta ratsa, aka hura baƙin gari ya fita. Bayan mayarwa bututun na zafi ta gefe biyu, shaƙewar ta ragu sosai, saura kaɗan. Fulogi bayan tafiya sun yi ruwan ƙasa-ƙasa, babu baƙi babu fari, don haka babban jet zai zauna a 127.5.

An wanke matatar iska mai baƙin mai da kananzir aka zuba sabon mai zuwa layi. Ƙurar hunturu ta riga ta kwanta a ƙasanta, za a riƙa dubawa kowane mako har ƙurar ta wuce.

Kuɗi zuwa yau: kit ₦18,000, tina da feshin wanki ₦13,500, bushin ₦15,000, tiyo da kilif da matatar mai ₦9,000, robobin manifol da gasket ₦12,000, fulogi da kontak ₦14,000, baƙin mai ₦16,000. Jimilla ₦97,500.

Mataki na gaba: neman distirbuta mai gwangwanin zuƙa ɗaya. Kafin a saya za a tsotsi tiyonta a ga farantin ciki ya motsa ya kuma tsaya har sai an saki. Idan an samu, za a haɗa ta da bakin zuƙa na gefen hagu ta bututun ƙarfe mai lanƙwasa sama don kada fetur ya gangara cikin gwangwanin, a saita taimin a digiri 7.5 kafin fistin ya kai ƙololuwa, tiyo a cire a toshe, sannan a sake saitin silo daga farko. Bayan nan sai awon shan mai daga cikon tanki zuwa cikon tanki.